Waliyi Eligiyus, Maƙerin da Ya Riƙe Kuɗin Sarakuna da Amana

A ranar ɗaya ga watan Disamba, daidai lokacin da muke shirin zuwan Ubangijinmu, Ikilisiya tana tunawa da Waliyi Eligiyus, wanda Faransawa suke kira Eluwa. Da yawa daga cikinmu ba mu saba jin sunansa ba, domin ya rayu a ƙasa mai nisa, fiye da shekara dubu da ɗari uku da suka wuce. Maƙerin zinariya ne, wanda ya yi wa sarakuna uku hidima, ya shugabanci gidan buga kuɗinsu, ya zama amintaccen mashawarci a fada, daga baya kuma aka naɗa shi Bishop. Mun ga ya dace mu kawo tarihinsa domin mutane da yawa sun ɗauka cewa duk wanda hannunsa ya saba da kuɗin hukuma sai ya ƙazantu. Rayuwar Eligiyus ta ƙaryata wannan zato. Yawancin abin da muka sani game da shi ya zo mana ne ta wurin amininsa Awdoyin, wanda suka yi aiki tare a fada, kuma ya rubuta tarihinsa bayan mutuwarsa.

Ƙasar da aka haife shi

An haifi Eligiyus wajen shekara ta 588 a ƙauyen Chaptelat, kusa da birnin Limoges, a ƙasar da yau ake kira Faransa. Sunan mahaifinsa Yukeriyus, mahaifiyarsa kuwa Terijiya, dukansu Kirista ne. A wancan zamani mulkin Romawa ya riga ya faɗi a yammacin Turai, ƙasar tana hannun sarakunan Farankawa. 'Ya'yan sarki sukan raba ƙasa kamar gonar gado, sa'an nan su juya su yi ta yaƙar juna, talakawa kuwa su ne suke biyan kuɗin yaƙin.

Mutanen Limoges sun ɗanɗana wannan sosai. A shekara ta 579, shekara tara kafin haihuwar Eligiyus, Sarki Kilperik ya ƙaƙaba sabon haraji mai nauyi a kan gonaki. Jama'ar birnin suka taru, suka ƙwace littattafan haraji suka ƙone, har suka nemi kashe jami'in sarki da ya zo karɓa. Bishop na birnin, Fereyolus, shi ne ya cece shi daga hannunsu. Sarki ya rama da horo mai tsanani. A irin wannan gari Eligiyus ya tashi, inda ma'aikacin kuɗin sarki abin tsoro ne, abin ƙi kuma.

Da mahaifinsa ya lura yaron yana da basirar aikin hannu, sai ya danƙa shi ga wani maƙerin fari mai suna Abbo, wanda yake shugabantar gidan buga kuɗi na Limoges. A nan ya koyi zuga wuta da narka zinariya, da tace ta, da auna ta, da buga ta. Wannan sana'a ce mai buɗe ƙofar ha'inci, gama zinariyar da ta shiga tukunyar narki babu mai iya cewa ga yawan abin da wuta ta ci, ga yawan abin da magagari ya kankare, sai maƙerin kaɗai. Mai gaurayawa da azurfa ko jan ƙarfe yakan daɗe asirinsa bai tonu ba. Yaron yana koyon aiki, yana kuma zuwa majami'a a kai a kai, yana haddace abin da ake karantawa daga Littafi Mai Tsarki.

Kujeru biyu daga zinariyar kujera ɗaya

Da ya ƙware, sai ya tafi arewa, wajen Paris, ya shiga ƙarƙashin Bobo, ma'ajin Sarki Kilotar na Biyu. Wannan sarki ya haɗe dukan ƙasar Farankawa a hannunsa a shekara ta 613, bayan ya sa an kashe tsohuwar sarauniya Burunhilda ta wurin ɗaure ta ga doki. Ba sarkin da ake wasa da dukiyarsa ba ne.

Kilotar ya so a ƙera masa kujerar mulki ta zinariya mai ado da duwatsu masu daraja, amma bai sami wanda zai iya yinta yadda yake so ba. Ma'aji Bobo ya gabatar da saurayin nan na Limoges. Aka auna zinariya da duwatsu daga baitulmali, daidai abin da aka ƙiyasta zai ishi kujera ɗaya, aka miƙa masa. Da ya gama ya kawo kujerar, sarki ya yi murna ƙwarai, ya umarta a ba shi lada. Sai Eligiyus ya fito da kujera ta biyu, wadda ya ƙera da ragowar zinariyar.

Ya kamata mu tsaya mu auna wannan al'amari. Babu wanda ya tambaye shi lissafin ragowa. Da ya ce wuta ta cinye, da kowa ya yarda, domin abin da maƙera suka saba faɗa ke nan. Sarki ya riga ya gamsu da kujera ta fari. Ragowar nan kuwa ta ishi saurayi baƙo ya kafa kansa a babban birni. Kilotar ya yi mamakin gwanintarsa, amma abin da ya fi kama zuciyarsa shi ne ya sami mutumin da zai iya miƙa wa dukiya ya kwanta ya yi barci. Daga ranar ya jawo shi fada. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

Awdoyin ya ba da labarin wata rana da sarki ya bukaci Eligiyus ya ɗora hannu a kan kayan tunawa da tsarkaka ya yi rantsuwar biyayya. Eligiyus ya shiga tsaka mai wuya: yana jin tsoron saɓa wa sarki, ya kuma fi jin tsoron ɗaukar abu mai tsarki da sauƙi. Ya yi ta roƙo a ɗauke masa, har hawaye suka zubo masa. Da sarki ya ga haka sai ya janye, ya kuma nuna cewa wannan tsoron Allah ya fi masa rantsuwa da yawa.

Aikin gidan buga kuɗi

Domin mu gane nauyin muƙamin da ya riƙe, sai mu san yadda kuɗi yake a wancan zamani. Ba a san takardar kuɗi ba. Kuɗin Farankawa wani ɗan ƙaramin sulen zinariya ne mai suna tiremisis, wanda nauyinsa bai kai giram ɗaya da rabi ba. Darajarsa tana cikin zinariyar da ke jikinsa. Ana buga shi a ɗaruruwan wurare, kuma sau da yawa abin da ake rubutawa a kansa shi ne sunan garin da sunan wanda ya buga shi. Wato sunan mai bugawa shi ne jinginar da ɗan kasuwa yake dogara da ita. In ya yi algus, duk wanda sulen ya ratsa hannunsa an cuce shi, tun daga attajiri har zuwa gwauruwar da ta sayar da ɗan abin da take da shi.

Haraji ma ta hannun waɗannan ma'aikata yake bi. Idan aka tara zinariyar haraji ta wani yanki, jami'in sarki da mai buga kuɗi sukan narka ta su tace, domin tsantsarta kaɗai ake aika wa fada. Saboda haka mai buga kuɗi yana tsaye ne a tsakanin gumin talaka da taskar sarki, a wurin da babu idon da yake gani.

Eligiyus ya riƙe wannan aiki a Marseille, babbar tashar jiragen ruwa inda fataken Bahar Rum suke sauke kaya, da kuma a Paris da cikin fadar sarki kanta. Har yau akwai sulallan zinariya a gidajen adana kayan tarihi masu ɗauke da sunansa tare da na Sarki Dagobat, da kuma na ɗansa Kulobis na Biyu.

Kilotar ya mutu a shekara ta 629, ɗansa Dagobat ya gaje shi. A zamaninsa ne darajar Eligiyus ta kai matuƙa. Sarki yakan bar manyan fadawa ya keɓe da shi domin shawara, jakadun ƙasashen waje kuma sukan fara sauka wurinsa kafin su isa gaban sarki. Wajen shekara ta 636, da rikici ya tashi tsakanin Dagobat da Yudikayel, sarkin Biritani da ke yammacin ƙasar, Eligiyus aka aika. Ya shawo kansa, har Yudikayel ya zo da kansa garin Clichy da kyautai, aka ƙulla sulhu ba tare da an zubar da jini ba. Wanda aka san ba ya cin amanar zinariya, maganarsa ma takan sami karɓuwa a wurin abokin gāba.

Kada mu ɗauka fadar Dagobat wurin tsarkaka ce. Marubutan zamaninsa sun zarge shi da tara mata da kwaɗayin dukiyar majami'u da ta talakawansa. Akwai fadawa masu hassadar Eligiyus saboda kusancinsa da sarki. A tsakiyar wannan ya zauna shekara da shekaru. Da fari yakan sa tufafin siliki da ɗamarar zinariya kamar sauran manya, amma a ƙarƙashinsu yana saye da rigar gashi mai kaushi domin horon jiki. Daga baya ya rabar da kayan adon, ya koma ɗaura igiya a ƙugu. Idan yana aiki a maƙerarsa yakan buɗe Littafi Mai Tsarki a gabansa, hannu yana kan masaba, ido yana kan Maganar Allah.

Taƙi ɗaya na ƙasa

Dagobat yana yi masa kyauta mai yawa, shi kuwa bai gina wa kansa gida da ita ba. A shekara ta 632 ya roƙi sarki filin Solignac, kusa da garinsu, ya kafa gidan sufaye, ya sa Rimakulus ya zama shugabansa na fari. Sufayen suna addu'a suna kuma sana'ar hannu. A Paris kuma ya mai da gidan da sarki ya ba shi ya zama gidan mata masu keɓe kai ga Allah, inda suka kai wajen ɗari uku a ƙarƙashin wata uwa mai suna Awreya.

A kan wannan gini na Paris ne wani abu ya faru wanda ya yi kama da labarin kujeru. Eligiyus ya bukaci ɗan fili na sarki da yake maƙwabtaka da gidan. Ya auna, ya faɗa wa sarki girmansa, sarki ya ba shi. Da aka sake ja da igiya sai aka tarar filin ya fi abin da ya faɗa da taƙi ɗaya. Nan da nan ya tsai da aiki, ya ruga fada, ya fāɗi a gaban sarki yana neman gafara, domin ya ɗauka ya faɗa masa abin da ba daidai ba. Dagobat ya yi mamaki, ya juya ga fadawansa yana kwatanta wannan da halin hakimansa, waɗanda suke cinye masa manyan gandaye ba tare da kunya ba. Sa'an nan ya ninka masa kyautar.

Wani zai ce wannan tsanani ya yi yawa, tun da aikin Allah ake yi da filin. A nan ne darasin yake. Eligiyus bai yarda cewa kyakkyawar manufa tana halatta ƙaramar cuta ba. Taƙin ƙasar da ba a ba shi ba ba nasa ba ne, ko da majami'a za a gina a kai.

Sulen da yake 'yanta bawa

Mafi yawan dukiyarsa ya tafi wajen fansar bayi. Yaƙe-yaƙen zamanin sun cika kasuwanni da kamammu, musamman Saksonawa, waɗanda ake kwasowa daga ƙasarsu garke garke. Duk inda Eligiyus ya ji an kawo bayi, sai ya hanzarta da jakar kuɗi. Wani lokaci yakan fanshi ashirin, ko talatin, ko hamsin, wani lokaci kuma dukan waɗanda jirgi ya sauke, har ɗari, maza da mata. In kuɗi ya ƙare yakan tuɓe ɗamararsa da mayafinsa, har da takalmansa, ya cika.

Ba ya tsayawa a biyan kuɗi. Bisa dokar Farankawa, akan 'yanta bawa ta wurin jefa sule a gaban sarki. Eligiyus yakan kai su gaban sarki a cika wannan ƙa'ida, a ba kowa takardar 'yanci, domin kada wani ya sake kama shi. Bayan haka sai ya ba su zaɓi uku: wanda yake so ya koma ƙasarsu a ba shi guzuri, wanda yake so ya zauna tare da shi ya zauna a matsayin ɗan'uwa, wanda kuma ya ji kiran Allah ya shiga gidan sufaye. Ɗaya daga cikinsu, wani Basaksone mai suna Tillo, ya koyi ƙira a wurinsa, ya zama sufi a Solignac, Ikilisiya kuma tana girmama shi a cikin tsarkaka.

Baƙon da ya tambayi gidan Eligiyus a Paris, akan kwatanta masa da taron matalautan da ke ƙofar. Da hannunsa yake zuba musu ruwan wanke hannu ya raba musu abinci, shi kuma ya ci abin da ya rage. Ya nemi izinin sarki ya riƙa sauke gawawwakin waɗanda aka rataye yana binne su. Duk da waɗannan bai bar sana'arsa ba: ya ƙawata kaburburan Waliyi Martin a Tours da Waliyi Denis kusa da Paris, ya ƙera babban gicciye na zinariya, wanda guntunsa yana nan a Paris har yanzu.

Daga fada zuwa kujerar Bishop

Dagobat ya mutu a shekara ta 639, ya bar ɗansa Kulobis yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa Nantilda tana riƙon ƙwarya. Eligiyus ya ga lokaci ya yi da zai ajiye hidimar fada. Ya shiga shirin zama firist, a shekara ta 641 kuma aka keɓe shi Bishop na Noyon da Tournai, rana ɗaya da amininsa Awdoyin, wanda ya zama Bishop na Rouen.

Dayosis ɗinsa ya miƙe har cikin ƙasar da yau ake kira Beljiyam, inda yawancin mutane ba su karɓi bishara ba. Ya zaga yankunan Ghent da Courtrai da Antwerp yana wa'azi. Da fari sun karɓe shi da zagi da barazana, amma ya jure, yana jinyar marasa lafiyarsu, yana kāre raunanansu, har ya zama kowace shekara a Idin Tashin Ubangiji yana yi wa jama'a baftisma, tsofaffi da yara. A cikin wa'azinsa yana hana masu bi zuwa wurin bokaye da masu duba, da rataya layu a wuyan mutum ko dabba, da camfin ranaku. Yana kuma gargaɗi a kan mudun ha'inci da ma'aunin ƙarya da cin riba mai yawa a kan bashi, abubuwan da ya sani ciki da waje.

Ya yi yaƙi da mugun halin sayen muƙaman Ikilisiya da kuɗi, wanda ya yaɗu a zamaninsa. Mutumin da ya san darajar zinariya fiye da kowa a ƙasar, ya san iyakar abin da take iya saya. Ya halarci taron bishop-bishop a Chalon wajen shekara ta 650, inda aka hana sayar da bayi zuwa wajen ƙasar. Matar Kulobis, Sarauniya Batilda, ita kanta baiwa ce da aka sayo daga Ingila, ta riƙe Eligiyus a matsayin uba cikin bangaskiya, da ta sami iko kuma ta hana sayar da Kirista a matsayin bayi.

Eligiyus ya mutu a Noyon ranar 1 ga Disamba, 660, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Batilda ta zo da 'ya'yanta, ta so a kai gawarsa gidan sufaye na Chelles, amma mutanen Noyon ba su yarda a raba su da makiyayinsu ba, a can aka binne shi. Maƙeran fari da maƙeran baƙi, da masu aikin ƙarfe iri iri, da masu kula da dawaki, sun ɗauke shi waliyinsu mai yi musu roƙo. Ba a daɗe da mutuwarsa ba zinariya ta yi ƙaranci a ƙasar, Farankawa suka koma buga kuɗin azurfa. Kuɗin da ya buga ya daina yawo a kasuwa, sunan da ya buga a kansa kuwa Ikilisiya tana ambatonsa har yau.

Abin da ya bar mana

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Kristi, kaɗan ne a cikinmu za su riƙe baitulmalin ƙasa, amma da wuya a sami wanda ba a taɓa danƙa masa abin wani ba. Akwai ma'ajin zumuntar mata da na ƙungiyar matasa, akwai masu ƙirga baiko bayan Misa, akwai akawu a ofishin ƙaramar hukuma, da uwar adashi, da tela wanda aka kai wa yadi, da magini wanda aka saya wa siminti, da yaron da aka aika kasuwa ya dawo da canji. Kowannenmu yana da ragowar zinariyarsa da taƙin ƙasarsa, wato ɗan abin da ya rage a hannu wanda babu mai tambaya. A kan wannan ɗan abu ake gwada mu. Ubangijinmu ya koya mana a cikin Bisharar Luka cewa yadda mutum ya riƙe ƙaramin abu, haka zai riƙe babba, kuma yadda muka yi da dukiyar duniya shi ne ma'aunin ko za a amince mana da dukiya ta gaskiya.

Mu lura kuma cewa Eligiyus bai guje wa aikin hukuma domin ya tsira da tsarkinsa ba. Ya yi shekaru masu yawa a fada a matsayin ɗan Ikilisiya kamar kowannenmu, kafin a keɓe shi. Sau da yawa mukan ce wa 'ya'yanmu su nisanci harkar kuɗin jama'a domin ƙazanta ce, sa'an nan mu zauna muna kukan waɗanda suka cika wurin. In masu tsoron Allah suka janye hannu, wa zai riƙe ma'aunin? Ya raba abu biyu sarai: dukiyar sarki ya mayar wa sarki har ƙwayar ƙarshe, tasa kuwa ya zubar a kan bayi da matalauta har takalmin ƙafarsa. Mu kuwa sau da yawa mukan juya lissafin, mu yi kyauta da abin jama'a, mu ƙulle namu.

A wannan lokaci na shirin zuwan Ubangiji, bari kowa ya duba abin da yake hannunsa wanda ba nasa ba. Wanda ya riƙe littafin kuɗi ya buɗe shi a gaban waɗanda suka zaɓe shi tun ba su tambaya ba. Wanda ya san akwai taƙin da ya ƙara wa gonarsa daga ta maƙwabci, ya mai da iyaka wurinta, ya je wurin furta zunubi da zuciya ɗaya. Hali zanen dutse ne, kuma tun a ƙananan abubuwa ake fara zana shi.

Ya Allah, kai da ka ba bawanka Eligiyus hannu mai gwaninta da zuciya mai aminci, ka ba shugabanninmu da dukan masu riƙe da dukiyar jama'a tsoronka, ka kuma sa a same mu da aminci a ranar lissafi, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Waliyi Eligiyus, ka yi addu'a dominmu.